Motar da Ya Kashim Ya Ƙera

A unguwar Mafoni, idan ka bar bakin titi ka shiga lungun da 'yan keke ke ajiye kekunansu, ka wuce teburin Hamisu mai shayi, za ka tarar da wani shago da kullum ƙofarsa rabi ce a buɗe. Shagon Ba'ana ne. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, shekararsa hamsin da tara, gemu ya yi fari fat, hannayen kuwa sun yi kanta har yakan ɗauki kofin shayi yana tururi bai nemi tsumma ba. Shekara arba'in ya yi yana fanal bita, wato mai buge jikin mota idan ta lotse ya mayar da ita yadda take. Lokacin da yake tashe, direbobin hanyar Baga da na Dikwa kan ce idan Ba'ana ya gama da mota, ko mai ita sai ya rantse ba ta taɓa faɗuwa ba.

Yanzu babu mota ko ɗaya a ƙofar shagon. Duk suna ciki, a jere a kan katakai, kuma babbar cikinsu ba ta wuce taƙi biyu ba. Akwai motocin langa-langa irin waɗanda yaran da ke yi da gwangwani. Akwai na waya masu dogon sitiyari, akwai bas-bas na kanti masu makullin wanawa a gefe, da abin leƙen nan mai nuna Ka'aba wanda alhazan da kan kawo tsaraba. Akwai wani jirgin ƙasa da ya shekara biyu yana nema masa taya. Can a lungu kuma 'yan tsana uku ne, ba don ya damu da su ba, sai don ya tsince su a bola ya kasa wucewa ya bar su.

Abin bai fara da niyya ba. Matarsa Hassana ta rasu shekara tara da suka wuce, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Shekarun rikici sun riga sun cinye garejin, direbobin da ya sani wasu sun mutu, wasu sun koma Kano da Jos, masu sababbin motoci kuma ba sa kawo su lungu. Wata rana da hantsi wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya turo kurarsa ta ƙofar shagon, sai Ba'ana ya hango wata 'yar bas ta ƙarfe a saman tarkacen, ta yi tsatsa, rufinta ya lotse. Ya karɓe ta don kawai hannunsa ya sami abin yi. Kwana uku ya yi a kanta. Da ya gama ya wana ta ya ajiye a ƙasa, ta tafi tana ƙara har ta daki ƙafar benci. Ba'ana ya tuntsire da dariya. Ya juya ya ga wa zai nuna wa, ya ga babu kowa a shagon sai shi. Ya ɗauke ta ya sake wanawa.

Tun daga nan 'yan gwangwan suka san shi. Shekarar ambaliya ma da buhu suka riƙa kawo masa kaya, duk laka ta bushe a kai, ya zauna yana wankewa ɗaya bayan ɗaya da tsohon burushin haƙori. Ba ya sayarwa, ba kuma a taɓa tayawa ba. Yaran unguwa kan leƙo, su ga ba abin da ke haske ko kiɗa, su yi gaba. Hamisu mai shayi kuwa, Bakano ne mai bakin tsiya, kullum da safe sai ya ɗaga murya:

"Baba Ba'ana, yau wace mota ce ta yi hatsari? An sami asarar rai?"

Masu shan shayi su kwashe da dariya, wani ya ce tsufa ne ya zo wa bawan Allah ta baya. Ni dai ban ga abin dariya ba. Waɗannan masu dariyar su ne za ka gani sun wuni suna shafa waya da ɗan yatsa, an yi musu sallama ba su ji ba, amma wai mai gyara abin da ya karye shi ne ya zautu. Shi Ba'ana ba ya tankawa. Sai dai ya yi murmushi, ya karɓi shayinsa, ya koma ciki ya sha shi kaɗai.

A duniyar nan mutum ɗaya ya rage masa, wansa Kashim, wanda ya girme shi da shekara bakwai. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mahaifinsu mai wankin hula ne a nan Mafoni, kuma ƙarfinsa na mutum ɗaya ne a makaranta, don haka Kashim ya yi boko, Ba'ana ya tafi gareji. Kashim ya zama malami, ya zama hedimasta, ya gina gida a unguwar Mairi, ya auri Gumsu, 'ya'yansu suka yi karatu suka watsu. Ba faɗa suka yi ba. Da ma faɗa ne, da an tara su an sasanta. Nisa ne kawai ya riƙa shiga tsakaninsu a hankali, har ya zama sai Sallah-Sallah Ba'ana ke zuwa Mairi. Ya durƙusa ya gaishe shi da Kanuri, "Wushe, Ya Kashim," a tambayi aiki, a tambayi zafi, a kawo lemo, sai shiru. Yakan zauna a bakin kujera ya ɓoye hannayensa a cikin riga, don gani yake za su ɓata wa mutane kushin. Kafin rabin awa ya yi sallama.

Shekara uku ke nan ciwon mantuwa ya kama Kashim. Da makulli ya fara, sai raka'o'in sallah, sai hanyar masallaci, sai sunayen mutane. A Babbar Sallar da ta wuce Ba'ana ya je kamar kullum, ya durƙusa ya gaishe shi da Kanuri. Kashim ya dube shi da fara'a, ya amsa da Hausa:

"Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

Wanda bai san gidansu ba ba zai gane nauyin wannan ba. A gidan su Ba'ana Hausa ta baƙo ce, ta kasuwa da tasha. Tunda suka tashi Kashim bai taɓa yi masa magana da ita ba, ko zagi ne da Kanuri yake zaginsa. Ba'ana ya dawo gida ranar nan bai iya cin naman da Ya Gumsu ta ƙulla masa ba. Duk wanda ya san shi yana yaro ya mutu. Iya ta tafi, Baba ya tafi, abokan wasa babu ko ɗaya. Mutanen lungu sun san wani tsoho mai wasa da motocin yara, shi ke nan. Kashim kaɗai ya san Ba'ana mai majina da gajeren wando, shi ma ga shi ya ajiye shi ya manta inda ya sa. Daga ranar Ba'ana ba ya roƙon Allah komai na duniya sai abu ɗaya: wansa ya kira sunansa ko da sau ɗaya ne.

Ana cikin haka Muhsinat ta bugo masa waya. Ita ce babbar 'yar Kashim, ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Ta ce, "Baba, jikin nan nasa ya fi ƙarfin Mama ita kaɗai. Ƙarshen wata zan zo in tafi da su duka biyun, a wurina za su zauna." Ba'ana ya ce Allah ya yi mata albarka, hakan ya yi kyau. Da ya ajiye wayar ya ƙirga kwanakin da yatsa, ya ga goma sha tara. Ya san kuma tafiyar ba ta dawowa ba ce.

A makon ne ruwan sama ya kayar da bangon tsohon ɗakin Iya, wanda ya shekara ashirin a kulle a gidansu na gado. Ba'ana na kwashe ƙasa ya jawo adakar ƙarfen Iya daga ƙarƙashin gado. Ya ɓalle kwaɗon. A sama tsofaffin zannuwa ne da asu ya cinye, sai kwanonin aurenta, sai can ƙasa wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Tun kafin ya warware ya gane shi da nauyinsa.

Gingimari ce ta langa-langa, tsawonta taƙi ɗaya da rabi. Bodin na gwangwanin madarar gari ne, har ana iya ganin ragowar rubutun a ciki. Kan motar gwangwanin kifi ne, gatarin sifokin keke, tayoyin kuma an yanko su daga tsohon silifa, biyu shuɗaye, ɗaya ja, ɗaya ta ɓace. Ta karkace gefe guda. Ramukan da aka huda da ƙusa babu biyun da suka zo daidai. Kashim ne ya ƙera masa ita shekarar da aka yi wa Ba'ana kaciya, yana ɗan shekara bakwai, yana kwance a zaure ya buɗe ƙafafu yana kuka an hana shi fita. Kwana biyu Kashim ya yi yana bubbuga ta a bayan gida, ya kawo ya ɗora masa a ƙirji, ya ce idan ya sake kuka zai ƙwace. Ashe shekara hamsin da biyu ke nan tana nan, Iya ta adana ta ba ta gaya wa kowa ba.

Ba'ana ya zauna a kan ƙasar bangon ya yi kuka sosai, babu mai hana shi. Da ya share ido sai dabara ta zo masa. Zai gyara ta ya kai Mairi. Idan Ya Kashim ya manta fuska, ai ba zai manta aikin hannunsa ba.

A nan ne ya yi kuskuren da sai gwani ke yin irinsa. Mutum ya shekara arba'in ana biyansa don ya ɓatar da duk wata alama, ba ya iya ganin lotsewa ya ƙyale ta. Ya warware motar gunduwa-gunduwa. Ya jiƙa ta a kananzir, ya kankare tsatsar. Ya ɗora kowane ɓangare a kan maƙera ya bi shi da 'yar guduma har ya miƙe sumul. Karkacewar nan da ta dame shi ya gano ta: gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai ya datse ya daidaita. Ramukan ƙusa ya toshe su da dalma ya sake huda sababbi da ma'auni. Ya yanko tayoyi huɗu baƙaƙe daga sabuwar roba, duk girma ɗaya, ya sa musu man giris don kada su yi ƙara. Ya shafe ta da fila mai cike lotsa, ya goge, ya fesa fenti kore hawa uku, ya ja jan layi a gefe irin na gingimarin Baga. Kwana goma sha biyu ya yi, abinci ma sai Hamisu ya aiko masa da tuni. Da ya gama ya ja da baya ya dube ta, wallahi ta yi kyau. A duk shagon babu kamarta.

Ranar Litinin bayan azahar ya sa wankakkiyar riga da hularsa ta Juma'a, ya naɗe motar a tawul, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa Mairi. Gidan na ƙamshin turaren wuta, amma an fara ɗaure kaya, kwalaye ne ko'ina a tsakar gida. Kashim na zaune a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Ba'ana ya durƙusa ya gaishe shi. Kashim ya amsa da Hausa, ya matsa masa wuri.

Ba'ana ya warware tawul ɗin, ya miƙa da hannu biyu. Kashim ya karɓa. Ya juya ta, ya kifa ta, ya bi bakin bodin da babban yatsa a hankali, daga gaba har baya. Ya murza taya ɗaya ya kai kunne. Ba'ana ya ƙura masa ido.

"Ta kanti ce," in ji Kashim. "Mai kyau. Wa aka saya wa?"

"Ya Kashim, taka ce. Kai ka yi ta. Kai ka yi mini, lokacin kaciyata, a zaure."

Kashim ya yi 'yar dariya irin wadda ake yi wa baƙo idan ya faɗi abin da ba a gane ba. "A'a, Malam, wannan aikin inji ne. Mu ina muka ga irin wannan." Ya miƙo masa ita da ladabi. "Ka kai wa yaranka, za su ji daɗi."

Ba'ana ya karɓa. Sai a lokacin ya dube ta da idon wansa, ya ga babu komai na Kashim da ya rage a jikinta. Karkacewar tasa ce, ramukan nasa ne, jar tayar nan daga silifan Iya ya sato ta har aka dake shi. Duk Ba'ana ya share su da hannunsa, ya kuma ji daɗin sharewar. Abu ɗaya tak da Kashim ya bar masa a duniya, shi ya mayar da shi kayan kanti, kuma babu gudumar da za ta mayar da shi.

Ya Gumsu ta raka shi bakin ƙofa. Ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi ba, sai ta shiga yi masa ƙorafi don ta ɗauke masa hankali.

"Ba'ana, ka yi haƙuri, ni ma wata rana Hajiya yake ce mini. Ni yanzu abin da ya ishe ni gwangwanaye ne. Duk gwangwanin madara ko na tumatir da na yar, sai ya bi ya tsince ya ɓoye ƙarƙashin tabarma. In kwashe in zubar, gobe ya sake. Wuƙa da almakashi kuwa duk na kulle su, kada ya ji wa kansa ciwo."

Ba'ana ya ce Allah ya ba shi lafiya. Maganar ta shiga kunnensa ne kawai, ba ta zauna ba. A keke ya rungume motar a cinya, har Mafoni bai ɗaga kai ba.

Kwana biyu bai buɗe shago ba. Hamisu ya zo ya ƙwanƙwasa, wannan karon babu tsiya a bakinsa, ya ce ko lafiya. Ba'ana ya ce zazzaɓi ne. Ranar Alhamis da safe ya fito ya zauna a bencin mai shayi, abin da bai saba ba. Yana zaune Hamisu ya tsiyaye gwangwanin madara ya wurga a kwandon shara. Kafin Ba'ana ya san abin da yake yi, ya sunkuya ya ɗauko shi, ya latsa gefensa da yatsa ya ji ko mai kauri ne. Sai ya tsaya da gwangwanin a hannu.

Ai wannan shi ne aikinsa. A zamaninsu, a lungun nan, ƙera mota tana da tsari, kuma duk yaron Mafoni ya san shi. Babban wa shi ke yanka, ƙane ba ya taɓa almakashi. Aikin ƙane ya bi bola ya tsinto gwangwani da mataccen silifa, ya wanke, ya kawo, sannan ya zauna a ƙasa gaban wansa ya danne langa-langar da hannu biyu ana yanka. Idan ƙane ya yanke, wan ake duka. Ba a taɓa jin ƙane ya ƙera mota ya kai wa wansa ba, abin kunya ne ma. Shi kuwa ya je wa Ya Kashim a matsayin gwani, da hula da wankakkiyar riga, ya miƙa masa gamammiyar mota kamar mai rarrashin yaro. Ina zai gane shi? Mutumin nan wata da watanni yana tara gwangwani ƙarƙashin tabarma, yana jiran wanda zai riƙe masa.

"Hamisu," in ji shi, "duk gwangwanin da ke cikin kwandon nan ina so."

"Baba Ba'ana, abin har ya kai haka?"

"Ya kai."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya tafi Mairi. Washegari da sassafe za su kama hanya. Wannan karon tsohuwar rigar aiki ya sa, babu hula, buhun gwangwanaye a kafaɗa, a aljihu kuma almakashin langa-langa da ƙusa guda da matattun silifa biyu. Muhsinat ta riga ta iso. Ta gaishe shi har ƙasa, amma da ta ga almakashin sai ta miƙe.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan kam a'a. Hannunsa rawa yake. Ga ciwon suga, in ya yanke ba ya warkewa da wuri, gobe kuma ga doguwar hanya."

"Ba zai yanke ba. Ni zan riƙe."

"Baba..."

"Muhsinat, tunda aka haife ki na taɓa roƙonki wani abu?"

Ta dubi uwarta. Ya Gumsu ta dubi Ba'ana, ta dubi buhun. Can ta ce, "Bar shi." Muhsinat ta shiga ɗaki ta fito da auduga da magani, ta jawo kujera ta zauna daga nesa kaɗan, fuska a ɗaure.

Ba'ana bai yi gaisuwa ba. Ya je gaban tabarmar ya juye buhun, gwangwanayen suka zube da ƙara, ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba, ya harɗe ƙafafu duk da gwiwarsa na ciwo. Ya ajiye almakashin kusa da ƙafar Kashim. Ya sunkuyar da kai.

Kashim ya dubi gwangwanayen. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, ya latsa, ya jefar gefe. Ya ɗauki wani, ya jefar. Na uku babba ne, na madarar gari, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ajiye a gabansa. Hannunsa ya lalubo almakashin ba tare da ya duba ba. Rawar na nan, amma da ya kafa bakin almakashin a gwangwanin sai ta ragu. Ya cire gindin, ya tsaga gefen daga sama har ƙasa, ya buɗe shi ya shimfiɗa. Langa-langar ta naɗe ta koma. Ya sake buɗewa ta sake naɗewa. Ya yi tsaki.

Ba'ana ya miƙa hannu biyu ya danne.

Kashim bai ɗago ba. Ya ɗauki ƙusa ya ja layi, karkatacce kamar yadda ya saba, ya fara yanka. Tsakar gidan ta yi tsit, ba a jin komai sai kukan almakashi da kurciya a kan dalbejiya. Ba'ana ya riƙe daram, riƙon gwani, yatsunsa nesa da baki. Aka yanke gefe ɗaya, aka juya. Kashim na aiki da shi kamar yadda ake aiki da dutsen da aka danne abu da shi.

Sai Ba'ana ya tuna shi ba haka yake riƙewa ba yana yaro. Bai taɓa iya riƙewa ba. Kullum ɗoki ke sa shi ya matso da yatsa ya ga inda ake yankawa. A hankali ya zame ɗan alinsa ya kai shi daf da bakin langa-langar, inda almakashin ke tahowa. Muhsinat ta miƙe tsaye.

Tas! Kashim ya make bayan hannun.

"Ba'ana, janye hannunka! Sau nawa zan gaya maka? Ka yanke Iya ta dake ni?"

Da Kanuri ya faɗa, da murya mai ƙarfi, irin wadda ba a ji daga bakinsa ba shekara uku. Ya Gumsu ta toshe baki da mayafi. Ba'ana ya janye yatsan. Bayan hannunsa na zafi, hannun da ko wuta ba ya ji. Hawaye suka zubo masa suka bi gemu suka ɗiga a kan langa-langar. Ya so ya danne, abin ya fi ƙarfinsa, shessheƙa ta ƙwace masa.

"To, Ya Kashim," in ji shi. "Na daina."

Jin kukan ne ya sa Kashim ya ɗago. Ya ga wani dattijo mai farin gemu zaune a ƙasa gabansa yana hawaye. Ya dubi hannunsa, ya dubi na mutumin. Kunya ta rufe shi, ya saki almakashin.

"Subhanallahi. Malam, ni na buge ka? Don Allah ka gafarce ni," ya faɗa da Hausa. "Na ɗauka ƙanena ne. Ka tashi daga ƙasa mana, ga tabarma."

Ba'ana bai tashi ba. Ya gane yadda abin yake: fuskar nan Kashim bai san ta ba, ba kuma zai sake saninta ba. Hannayen kawai ya sani. La'asar ta kusa, gobe war haka suna hanyar Kano. Ya goge fuska da hannun riga, ya sunkuyar da kai ƙasa sosai yadda gemun ba zai fito ba, ya tura almakashin kusa da yatsun wansa. Langa-langar ta naɗe. Kashim ya dube ta, ya yi tsaki, ya buɗe ta. Ba'ana ya danne.

Almakashin ya ci gaba da tahowa a kan layin. Ba'ana ya bari ya matso, sannan ya sake zame yatsansa zuwa bakin, ya jira.